Abin Lura a Cocin Ƙasa na Wusasa

A bayan ganuwar Zariya, ta wajen duwatsun Kufena, akwai Wusasa. A da ƙauye ne sosai, yanzu kuwa gari ya miƙe ƙafa har ya kusa haɗiye shi. A nan ne cocin St. Bartholomew yake, na ɗarikar Angalikan, wadda ke cikin ɗarikun Furotesta da suka raba gari da Fafaroma tun ƙarni na 16. An gina shi a 1929, kuma da ƙasa aka gina shi, irin wadda ake haƙa a kududdufi a tayar da zaure. Wanda ya san yadda ruwan Agusta ke dukan bango a ƙasar Zazzau, inda ake samun kimanin milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, mafi yawansa cikin wata huɗu ko biyar, ya san ginin ƙasa ya haura shekara 90 a tsaye ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne ginin bai yi kama da abin da ya saba kira coci ba. A waɗannan shekarun dai 'yan wannan ɗarika suna can Legas suna gina babbar majami'arsu ta bakin Marina, wadda aka aza harsashinta a 1925 aka kammala a 1946, da tagogi masu tsini da hasumiya irin ta Ingila. Na Wusasa kuwa bango ne mai kauri, a cikinsa bakan gizo ya taso ya tanƙwara ya haɗe a sama, irin wanda ake gani a soron sarki ko a tsohon masallaci. Ɗan Zariya da ya shiga, ko bai taɓa taka coci ba, idonsa ya riga ya san ɗakin.

Yadda aka yi mishan ta zo Wusasa labari ne mai ɗan tsawo, kuma ba duka ne mai daɗin ji ba. A 1900 wata tawaga ta ƙungiyar mishan ta CMS, wadda aka kafa a Landan a 1799, ta taso daga Legas ta nufi Kano a ƙarƙashin Bishop Tugwell. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke zaune can. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, 'yan kwanaki ya ba su su bar masa gari. Suka juyo suka yi zango a Girku, inda ɗayansu ya rasu. Sai a 1905, bayan Turawan mulki sun ci ƙasar, Miller ya samu ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Jininsu bai haɗu da fada ba. Miller mutum ne mai kaifin harshe da bai ɓoye ra'ayinsa game da sarakuna ba, Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ma bai ɓoye nasa ba game da 'yan mishan. Su kansu Turawan mulki, da yake sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin jama'arsu ba, zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi ya zame musu ƙarfen ƙafa.

A wajen 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurin Miller. Isawa almajiran wani malamin Kano ne, Malam Ibrahim, wanda a ƙarni na 19 ya riƙa ba Annabi Isa, alaihis salam, matsayi na musamman a cikin karatunsa. Aka kashe shi a kan haka, mabiyansa suka watsu zuwa wajen Ningi da wasu sassan Zazzau. An kafa wa waɗanda suka bi Miller ƙauye a Gimi, amma ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru, waɗanda suka yi saura suka dawo Zariya. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ɗan Kwasau, aka daidaita a kan mishan ta fita daga birni, aka ba ta fili a Wusasa. Miller bai so ƙaurar ba, sai ya koma Kano ya duƙufa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda ta fito cikakkiya da Hausa a 1932. Wani matashin fasto, Guy Bullen, shi ya tsaya a kan aikin sabon mazauni. Shi ne daga baya aka naɗa bishop a Masar da Sudan, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a 1937.

Ke nan jama'ar da ta gina wannan coci 'yar ƙarama ce, ta binne mutanenta da yawa, ta yi ƙaura fiye da sau ɗaya. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya shekaru kusan ashirin kafin nan, mai kuɗi zai iya sauke kwano da siminti a tasha. Suka zaɓi ƙasa. Ba na shakkar araha tana cikin dalilan, amma ina ganin akwai abin da ya fi araha nauyi: masu sujada a wurin Hausawa ne, da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa, saboda haka babu dalilin da zai sa ɗakin ibadarsu ya zama baƙo a garinsu. Da aka yanke wannan shawara kuwa, Bature mai digiri ya zama ɗan kallo, domin ilimin da ake bukata yana hannun maginan ƙasar.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan ilimi, don yaranmu da suka tashi a gidan bulo suna zaton ginin ƙasa ɗora laka a kan laka ne kawai. Ana haƙo ƙasa a jiƙa ta, a zuba mata ramno ko yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a sake cuɗawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a jera a rana ya bushe. Magini ya hau bango ya raba ƙafa, lebura yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana jerawa, ba ma'auni a hannunsa sai ido. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma ba a ɗora sabon hawa sai na ƙasa ya sha iska. Wannan kaurin ne ke sa ɗakin ƙasa ya yi sanyi da tsakar rana a bazara, ya riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu, domin zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa bangon.

Rufi shi ne wurin da ake gane gwani. Itacen rufinmu azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya, an kuma fi son ta namijin giginya saboda ƙarfinta, ga shi gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai azara tana da iyaka. In aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, ba ta wuce kamar mita biyu ba tare da madogara ba, sai ta lanƙwashe. To, yaya za a rufe ɗakin da jama'a za su taru da itacen da bai fi haka ba? Amsar magina ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango ta ɗan karkato ciki, a ɗaure wata a jikinta da igiya ta ƙara leƙowa, a lulluɓe su da ƙasa, a dakata ta bushe, sannan a ƙara wani hawan. Haka ake yi daga ɓangarori biyu, sannu a hankali, har ƙafafun bakan su haɗu a tsakiya. Inda aka gitta baka da baka, shi ne ɗaurin guga. Da bakunan suka raba sararin sama gida-gida, kowane gurbi ya zama daidai tsawon azara, sai a jera ta, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Wannan fasaha a Zazzau ta kai ƙololuwarta a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Har yau akwai unguwa mai sunansa a birni, zuriyarsa kuma sun daɗe suna riƙe da sarautar magina. Duk hannun da ya iya ɗaurin baka a wannan ƙasa a 1929, daga wannan gado ya sha. Abin da ya rufe sahun masallata a birni shi ya rufe masu sujada a Wusasa, ƙasa ɗaya, giginya ɗaya, dabara ɗaya. A jiha irin Kaduna da ta sha zubar da jini da sunan addini, ina ganin ya dace a riƙa kai yaran makaranta su ga gine-ginen nan biyu a rana ɗaya, a bar idanunsu su yi musu bayani.

Amma abin lurar da ya sa na ɗauki alƙalami yana bayan an gama gini. Ginin ƙasa ba a gama shi. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san hidimar ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗowa yana watsewa. Maigida ya sa tsani ya hau soro. Ya zura hannu cikin indararo ya fitar da busasshen ganye da sheƙar tsuntsu da tsumman da iska ta kawo. Ya tumɓuke ciyawar da ta tsiro a kan rufi tun saiwarta ba ta yi nisa ba. Ya bi tsaga da yatsa, ya fafe ta, ya jiƙa, ya cusa sabuwar ƙasa. A tsakar gida mata sun jiƙa ɓawon ɗorawa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, da shi za a kwaɓa makuba a shafe bango don ruwa ya zame. Mai hali ya sayo katsi daga marina, a haɗa laso da gashin jima da dafara a shafe rufi. Sai a duba gindin bango, inda ruwan da ke fantsama ke cin ƙasa a hankali har bango ya tsaya a kan siririyar ƙafa, a cike shi. Aikin kwana kaɗan ne, ba shi da wuya, ba shi da tsada sosai. Amma indararo guda da ya toshe a daren ruwa mai ƙarfi ya isa ya tara tafki a kan soro, azara ta jiƙe, kafin asuba rufi ya zauna. Da Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, abin da ya gani da idonsa a gidansa ya faɗa.

Saboda haka tsayuwar cocin Wusasa shaida ce a kan mutane fiye da yadda take shaida a kan ƙasa. Tana nufin tun daga 1929 ba a samu tsarar da ta naɗe hannu ta ce ba ruwanta ba. An yi yaƙin duniya na biyu, Turawa sun tafi, an yi yaƙin basasa, kuɗi ya canza daga fam zuwa naira, an gina manyan majami'u na siminti a ko'ina, amma kullum ana samun wanda zai ɗaga kai ya ga tsaga ya ce a nemo magini. Littattafan tarihi sun riƙe sunan Miller da Bullen. Masu ɗebo ruwa da masu tattaka ƙasa da matan da suka share wurin bayan an tashi aiki, ladansu yana wurin Allah, amma da ba don su ba da yau sai dai a nuna wa baƙo tudun da coci ya taɓa zama.

Ina ganin wannan hali ne ya fito da mutanen da Wusasa ta yi suna da su. Ƙauyen bai taɓa yin girma ba, amma an kafa masa makaranta da asibitin St. Luke, daga baya kuma kwalejin horar da limaman coci ta St. Francis. Daga wannan jama'a Dakta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya a waɗannan shekarun, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa, mutumin Angas daga Filato, yake aikin bishara. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma ɗan wannan jama'a ne. Makaranta da asibiti kamar bangon ƙasa suke, ranar buɗe su ba ita ce ke raya su ba, malamin da ke zuwa aji kowace safiya da wanda ke gyara tagar da ta ɓalle su ne ke raya su.

A nan ne nake jin ciwo idan na dubi halinmu na yau. Mun iya gini, mun iya bikin buɗewa da yanka kyalle da ɗaukar hoto. Shiga kowace ƙaramar hukuma ka ƙirga rijiyoyin burtsatse da suka tsaya saboda ƙaramin ƙarfe guda ya lalace, da ajujuwan da iska ta ɗage wa kwano ɗaya aka bari har ta kwashe sauran, da ɗakunan shan magani da jemagu suka gaje. Ba kuɗin gyara ne ya gagara ba, don sau da yawa bai kai kuɗin abincin ranar buɗewa ba. Siminti ya koya mana wani tunani, cewa akwai abin da ake yi sau ɗaya a huta. Mai gidan ƙasa bai taɓa samun wannan ruɗin ba, domin gidansa yana tuna masa kowace shekara. Shi kuwa siminti yana ɓoye ciwonsa, rodi na tsatsa a ciki, fenti na sheƙi a waje, har ranar da za a ji labari a rediyo.

Wannan tunanin ya shiga har cikin yadda muke "gyara" tsofaffin gine-gine. Mutum ya gaji da yaɓe sai ya shafe bangon ƙasa da siminti, yana ganin ya yi masa gata. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta ta yi numfashi. Ruwa ya samu 'yar kafa ya shiga, ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya ɓamɓaro da rabin bangon a jikinsa. Shi kansa masallacin Babban Gwani a shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini na zamani, abin da ya rage na tsohon aikin yana ciki, wanda kuma ke son ganin siffarsa ta asali sai ya je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafinsa. Ganuwar Zariya da ta Kano kuwa kowa ya ga yadda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka yi da su. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari sun mai da yaɓen babban masallacinsu bikin shekara, yaro da babba kowa da aikinsa, ginin da aka tayar a 1907 yana nan daram. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, itatuwan da suka leƙo daga jikinta matakala ce ta masu gyara. Tun ranar gini aka yi tanadin wanda zai dawo.

Ba ina cewa kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba ne. Duk damina muna jin gidajen ƙasa sun faɗa wa iyalai, kuma talakan da ya tara kuɗin kwano don ya kwana da kwanciyar hankali ba wanda ya isa ya zarge shi. Yaɓe yana son hannaye da yawa, gidajen gandu kuwa sun watse, samari sun tafi birni. Kayan aikin ma suna ƙaranci. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, muna sara ba ma shukawa. Marina ta ja baya, katsi ya yi wuya. Mafi muni, maginan da suka iya ɗaurin baka sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo don a nan abinci yake. Ilimin nan ba a takarda yake ba, a tafin hannu yake, kuma gyaran shekara-shekara shi ne makarantar da ake koyonsa. Yaro yana miƙa curi yana kallo, shekara goma sai ka ga ya hau bango. In gyara ya tsaya, makarantar ta rufe, ranar da babban baka ya tsage kuma a nemi mai ɗaure shi a rasa, ko da kuɗi a hannu.

A 2029 cocin zai cika shekara 100, kuma na tabbata za a yi taro, manyan baƙi za su zo. Roƙona ga shugabannin cocin, da Masarautar Zazzau, da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, da sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa a Samaru, shi ne kafin ranar a nemo tsofaffin maginan da suka rage a birni da ƙauyuka, a biya su hakkinsu da mutunci, a haɗa su da matasa su koya a kan aiki na gaske, a kuma ware fili a shuka giginya. Kai kuma mai karatu, Musulmi ne kai ko Kirista, in hanya ta bi da kai Zariya ka ratsa Wusasa, ka yi sallama, ka nemi izinin masu wurin ka shiga ka gani. In ka tarar ana gyara, ka tambayi sunan maginin ka rubuta, ka kuma ba da abin da ya sawwaƙa.